Yadda zaka magance cikar Local Disk C a kwamfutarka ba sai an yi fomat ba

Idan ka buɗe This PC kaga layin nan dake ƙarƙashin Local Disk C ya koma ja, ko kuma saƙon Low Disk Space yana ta leƙo maka ta kusurwar ƙasa, toh ka kwantar da hankalinka, kwamfutar bata lalace ba cika kawai tayi. Windows na mayar da layin ja ne da zarar wurin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100. Daga nan sai kaga komai ya fara nauyi, ka buɗe birauza ta daskare, afdet ya ƙi shiga, wani lokacin ma kana cikin rubutu a Word kace ya adana ya ƙi. Da yawa in sun kai wajen mai gyara maganar farko da za'a ce musu ita ce sai an yi fomat. Eh fomat na magance abin, amma zaka rasa manhajojinka duka, wani lokacin harda hotunan da ba'a kwashe ba, kuma bayan ƴan watanni ta sake cika tunda ba'a gano abinda ke cika ta ba tun farko. Yawanci aikin bai fi na awa ɗaya ba kuma da kanka zakayi.

Abu na farko, kada ka goge komai tukuna. Fara duba waye yake cinye wurin.

Danna maɓallin Windows tare da harafin I a kibod, Settings zai buɗe, ka shiga System sannan Storage. Ka ɗan bashi lokaci ya gama lissafi, zai jero maka cewa manhajoji sun ci giga kaza, Temporary files kaza, bidiyo kaza. Wannan ya isa ya baka haske amma gaskiya ni nafi son ƙaramar manhajar nan WizTree, kyauta ce ga mai amfanin gida kuma bata da nauyi, cikin ƴan daƙiƙu take karance faifan gaba ɗaya ta jero maka folda folda daga mafi girma zuwa ƙarami. Akwai WinDirStat da TreeSize Free suma aikinsu kenan sai dai WinDirStat tsohuwar sigarta tana da jan ƙafa. Amfanin wannan matakin shine kar ka ɓata yini kana goge ƴan takardun Word masu kilobait 50 alhali ga wata folda can a ɓoye ta haɗiye giga 40.

Wani abu da ke ruɗa mutane anan, ka sayi laftof an ce maka 256 ce ka duba kaga 238, ko an ce 500 kaga 465, sai ka zaci an cuce ka. Ba'a cuce ka ba. Kamfanoni da dubu dubu suke ƙirgawa ita kuma Windows da 1024 take ƙirga nata, shi yasa tera ɗaya ma 931 take nunawa. Wannan gibin babu yadda zakayi ka dawo dashi.

Mataki na biyu, Recycle Bin. Abin dariya ne amma mutane da yawa basu san cewa in ka danna Delete fayil ɗin bai bar faifan ba, ƙaura kawai yayi zuwa kwandon shara kuma yana nan yana cin wurinsa daidai yadda yake ci da. Buɗe shi ka ɗan leƙa ko akwai abinda ka jefa bisa kuskure, sannan ka danna Empty Recycle Bin. Nan gaba in ka tabbatar baka son abu ka riƙe Shift ka danna Delete, zai wuce kai tsaye, sai dai fa in ya tafi ya tafi.

Na uku kuma nan ne ainihin inda aikin yake, foldar Downloads da Desktop da Videos. Duk abinda ka ajiye akan Desktop a cikin C yake zaune, wasu suna ganin kamar wani wuri ne daban. Buɗe Downloads ka danna kan Size domin ya jera su daga babba, zaka sha mamaki. Setof ɗin Office da ka girka tun shekara biyu da suka wuce yana nan, fayil ɗin ISO na Windows mai giga 5 yana nan, zif ɗin da ka riga ka warware shima yana nan kusa da foldar da ta fito daga cikinsa, wato abu ɗaya sau biyu. Ga fina finan fassara da aka tura maka silsila guda ka gama kallo tuntuni, ga bidiyon biki da mai ɗaukar hoto ya baka ɗanyensa ba'a matse ba, ga tafsirin azumin bara na kwana talatin. Sai kuma babbar matsalar gidajenmu, kowa in wayarsa ta cika sai ya zo ya juye ta a kwamfutar gida, sai kaga folda "kayan waya", wata "kayan waya sabo", wata "New folder 3", ka buɗe kaga duk DCIM ɗaya ce, wato foldar hotunan waya, aka kwafa sau uku a lokuta daban daban. Kwamfutar ta zama kamar ɗakin shirgi, kowa ya kawo ya tura ya ja ƙofa.

Hanya mai sauƙi ta kamo manyan fayiloli duk inda suka ɓuya, buɗe C a File Explorer ka je akwatin bincike na sama ta dama ka rubuta size:>500MB ka danna Enter. Zai ɗau lokaci amma zai fito maka da duk abinda ya haura mega 500. Wanda ka gane naka ne ka yanke hukunci akansa, wanda baka gane ba musamman in yana cikin foldar Windows ka barshi.

Masu amfani da IDM, manhajar nan ta yin dawunlodin, ku duba nan da kyau. Bayan foldojin Video da Compressed da Programs da yake buɗewa cikin Downloads, duk dawunlodin da ya katse a hanya saboda data ta ƙare ko netwok ya ɗauke, gutsattsarinsa suna nan a ajiye. Danna Windows da R ka rubuta %appdata% ka shiga IDM sannan DwnlData, in babu wanda kake niyyar ci gaba dashi ka share abinda ke ciki. Telegram na kwamfuta shima yana da foldarsa mai suna Telegram Desktop a cikin Downloads, kuma in kana cikin guruf guruf masu tura bidiyo toh kullum yana tara maka kaya, shiga Settings ɗinsa, Advanced, ka rage abinda yake saukewa da kansa ka kuma share ma'ajiyarsa ta wucin gadi. In kuma an taɓa yiwa iPhone bakof da iTunes a kwamfutar, ka nemi folda MobileSync, bakof ɗaya na iya kai girman duk abinda ke cikin wayar. Masu haɗa bidiyo da CapCut ko Premiere kuma ku shiga saitin manhajar ku share kash (cache), wato ma'ajiyar wucin gadi, shi kaɗai yakan kai giga goma sha.

Dan Allah kafin ka goge hoton wani ka tambaye shi. Ba'a rasa rigima a gida akan wannan.

Mataki na huɗu shine sharar ita Windows ɗin kanta. Koma Settings, System, Storage, ka danna Temporary files. Zai kawo jeri da akwatunan tik. Ka sa tik a Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files, Thumbnails, Temporary files da makamantansu, duk babu wanda zai cutar. Amma ka buɗe ido sosai, a cikin jerin nan akwai Downloads, in ka sa masa tik foldar Downloads ɗinka gaba ɗaya zai share har abinda kake so. Kar ka taɓa shi anan, wancan da hannu ake yinsa. Ga wanda ya saba da tsohuwar hanya, danna Windows da R ka rubuta cleanmgr, ka zaɓi C, sannan ka danna Clean up system files domin in baka danna wannan ba ƴan ƙananan abubuwa kawai zai nuna maka.

In kaga Previous Windows installation a jerin, wannan itace foldar Windows.old, tsohuwar Windows ɗinka ce da aka ajiye bayan babban afdet ko bayan ka tashi daga 10 zuwa 11, kuma takan kai giga 10 zuwa 20 ko fiye. Amfaninta shine in sabuwar bata yi maka ba ka iya komawa baya, kuma kwana 10 Windows ke bayarwa kafin ta share ta da kanta. Tunda an daina tallafawa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane da yawa sun hau 11, don haka da alama zaka ci karo da ita. In komai na aiki lafiya, sauti da wayfay da firinta, share ta. Sai dai ka jona caja kafin ka fara, sharar afdet tana ɗaukar lokaci kuma wani lokacin sai kayi ristat take ƙarasawa, ba'a so wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki.

Na biyar, manhajojin da baka buɗewa. Settings, Apps, ka jera su da girma. Gem sune kan gaba, GTA V kaɗai ya haura giga 60, in yara sun gama yayinsa a cire. Laftof ɗin tokumbo kuma sau da yawa mai shago ya loda mata manhajoji birjik domin ta burge mai saye, AutoCAD da CorelDRAW da Photoshop, kai kuwa rubutu da kallo kawai kake yi. Ka cire ta hanyar Uninstall, kar ka je Program Files ka goge foldar da hannu.

Yanzu sauran kayan da kake so amma basu da dalilin zama a C. Yawancin kwamfutocin da ake saitawa a kasuwa an raba faifan biyu, C ƙarami D babba, sai kaga C yayi ja shi kuwa D fayau babu komai. Maimakon kullum ka riƙa kwashewa da hannu, buɗe File Explorer ka danna Downloads da maɓallin dama na linzami, Properties, sai Location, sai Move, ka zaɓi wata sabuwar folda da ka buɗe a D. Ka tabbatar folda ka zaɓa ba D ɗin kansa tsirara ba, in ba haka ba zai rikita maka tsari. Zai tambaye ka ko ya kwashe tsoffin kayan, kace eh. Haka zaka yiwa Videos da Pictures da Documents, daga ranar duk abinda ka sauke can zai riƙa faɗawa. In babu D sai faifan waje. Shawarata anan kayi Copy ba Cut ba, ka buɗe ka tabbatar sun shiga lafiya sannan ka goge na asali. Kuma kayi hattara da filashin nan masu arha da ake rubutawa tera 1 ko 2, da yawansu na bogi ne, zai nuna kaya sun shiga amma in ka zo buɗewa duk sun lalace, akwai ƴar manhaja H2testw da ke gwada ainihin girman filashi kafin ka amince masa da hotunan iyali. Google Drive na bada giga 15 kyauta OneDrive kuma 5, sun isa takardu masu muhimmanci, bidiyo kam datar da zaka ƙona ta kusa sayen faifan.

Akwai abu biyu da zaka ga ana yawan bada shawara akai. Ɗaya shine kashe Hibernate, ka buɗe Command Prompt a matsayin administireta ka rubuta powercfg /h off, nan take fayil ɗin hiberfil.sys zai ɓace, girmansa wajen kashi 40 cikin 100 na RAM ɗinka ne, wato mai RAM giga 8 zai samu giga 3 da ɗoriya. A kwamfutar tebur babu laifi. Amma a laftof mai raunin batir a inda NEPA ke ɗaukewa ba sallama ni ban bada shawara ba, domin Hibernate ɗin ne ke adana aikinka in batir ya zo gargara, giga 3 bata kai asarar aikin yini ba. Na biyu System Restore, mai mayar da Windows yadda take a baya in ta rikice, rubuta Create a restore point a wajen bincike, ka zaɓi C ka danna Configure, ka ja ma'aunin ya dawo kamar kashi 5. Rage shi zakayi kar ka kashe, ranar da wani direba, wato manhajar da ke sa firinta ko sauti aiki, ya rikita maka kwamfuta shi zai cece ka.

Waɗanda ba'a taɓawa ko da WizTree ya nuna maka sunyi ƙato: System32, WinSxS, foldar Installer dake cikin Windows, da pagefile.sys. WinSxS takan tsorata mutane da girmanta amma Windows Update Cleanup da kayi a baya shine halastacciyar hanyar rage ta, in ka goge da hannu kwamfutar na iya ƙin tashi, daga nan fomat ɗin da kake gudu ya zama dole. Su kuma manhajojin nan da ke fitowa a talla suna cewa kwamfutarka na da matsala dubu uku danna nan a gyara, rabu dasu, abinda Windows ta zo dashi ya wadatar.

In ka gama duk wannan sai ka koma Storage ka kunna Storage Sense, zai riƙa share sharar wucin gadi da abinda ya kwana 30 a Recycle Bin da kansa. Ɓangaren Downloads a cikinsa ka barshi akan Never. Ka riƙa barin aƙalla giga 15 zuwa 20 a sake a C saboda afdet.

Toh idan kuma ka share yau gobe ka tashi kaga ya sake yin ja baka sauke komai ba, wannan wani abu ne ke rubutu a ɓoye. Sake buɗe WizTree ka kwatanta da jiya kaga foldar da ta kumbura, sau da yawa wata manhaja ce ta rikice take ta tara fayilolin rahoto, cire ta ka sake girkawa. Ka kuma buɗe Windows Security kayi Full scan musamman in ana yawan soka filashin mutane a kwamfutar.

Wani lokacin kuma faifan ne kawai yayi kaɗan. Windows 11 kanta giga 64 take nema mafi ƙaranci, ƙananan laftof ɗin nan masu faifan eMMC giga 32 duk dabararka kullum cikin ja zaka kasance, kuma nasu a manne yake da allon ciki ba'a canzawa, sai dai ka sa katin memori ka mayar da Downloads da hotuna can. In taka mai karɓar faifan SSD ce, wanda ake iya cirewa a canza, kuma 128 gareka, ka sayi 256 ko 512 ka ce wa mai gyara kulonin kake so ba sabuwar Windows ba, zai kwafe komai yadda yake harda manhajojinka. Tsohon faifan kuma kar ka barshi a shagon, akwai bayananka a ciki, ka sayi ɗan gidansa mai USB ka saka shi ya zama faifan waje da zaka riƙa juye bidiyo.