Masu hawa jirgin ƙasa na Haramain, a kula da kaya

'Yan uwa masu tafiya Umara, in za ku hau jirgin ƙasa tsakanin Makka da Madina, ku sani ba a shiga da kaya barkatai. Kowane fasinja akwati ɗaya ne, kada ya wuce kilo 25, sai ƙaramar jakar hannu. Girman akwatin ma ana dubawa, don haka manyan Gana-mas-go ɗinmu cike da tsaraba su ne ke jawo matsala a ƙofa. Ku bi da su ta motar ayarinku tun da wuri.

Kaya duka sai sun ratsa na'urar bincike, a cire wuƙa da almakashi. Fasfo da tikiti su zauna a hannu. Ku isa tasha kamar awa ɗaya kafin lokacin tashin jirgin, musamman in akwai tsofaffi, don jirgin ba ya jiran kowa.