Yadda na koya wa autata furta haruffa

Autata ta dawo daga makaranta tana rera A B C har zuwa Z ba tuntuɓe, ni kuwa ina ta washe baki. Ranar da na rubuta mata "ido" a bayan kwalin sukari, sai ta ce "ai, di, o". Nan jikina ya yi sanyi. Sunayen haruffa na Turanci ta haddace, sautinsu kuwa ba ta san shi ba.

Sai muka koma farko, minti 10 kullum bayan magariba, a tsakar gidanmu a Unguwar Rogo, ko a ɗaki idan sanyin Jos ya matsa.

Ku fara da wasula biyar: a, e, i, o, u, yadda suke fita a bakin Bahaushe. Kada ku wuce su sai yaro ya daina kiran "i" da "ai". Mu mun yi mako biyu a nan. Daga nan sai baƙaƙen da ake iya ja, irin m, n, s. Ku ce "mmm" leɓe a rufe, yaro yana kallon bakinku, sannan ku buɗe da wasali: ma, me, mi, mo, mu. Duk wanda ya yi allo ya san hanyar, babbaƙu ne kafin farfaru. Da gaɓa biyu sun samu, ku haɗa kalma ranar: ma-ma, mu-su, na-ma.

Inda aikin yake shi ne masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. A Jos yara na tashi cikin kowace irin Hausa, a layi da kasuwar Terminus suna jin "kasa" a wurin "ƙasa", ga mu iyaye muna rubutu a waya ba lanƙwasa. Ni ban yi mata dogon bayani ba, kalmomi biyu-biyu na jera. Kaya da ƙaya. Kafa da ƙafa. Baki da baƙi. Bata da ɓata. In faɗi ɗaya, ta nuna wadda ta ji a takarda, sannan mu yi musaya, in yi kuskure da gangan ta kama ni. Wannan ta fi so, har tsalle take yi. Don ƙ da ts, ku sa yaro ya riƙe numfashi a maƙogwaro ya sake shi lokaci ɗaya. Don ɓ da ɗ, ya ɗora yatsa a maƙogwaronku ya ji yana sauka ƙasa.

Sh da ts haruffa biyu ne a ido, sauti ɗaya a baki, kada ku raba su. C kuma na "cokali" ne da "ciki", ba "si" ba.

Turancin makaranta ban hana ta ba, lokacinsa kawai na raba. Jiya ta tsaya gaban shagon maƙwabcinmu ta karanta allonsa, ta juyo ta ce, "Umma, ya manta lanƙwasar ƙosai."