Yadda ma'aikacin lafiya zai wayar da kan jama'a ta kafofin sada zumunta

Kafin ka buɗe shafi, tantance waɗanda kake son su ji ka. Masu juna biyu ne, masu ciwon sukari, ko matasa? Su za su zaɓa maka dandali. Matasa sun fi zama a TikTok da Instagram, wanda karatu ke ba wahala kuwa saƙon murya a WhatsApp ya fi masa.

Na biyu, kowane saƙo ya ɗauki magana ɗaya tak. Idan gudawar yara ce, tsaya a kanta: a ba yaro ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da shayar da shi, a ba shi ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Turancin asibiti ka bar shi a asibiti.

Sai jadawali. Ranakun da duniya ta ware za su rage maka aiki: 24 ga Maris ta tarin fuka, 25 ga Afrilu ta zazzaɓin cizon sauro, 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, wato sirrin majinyaci. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, saboda haka tara masu cuta ɗaya a ciki tamkar tona musu asiri ne. Gara tashar WhatsApp, wato Channel, wadda aka fito da ita a 2023, domin mabiyanta ba sa ganin lambobin juna. Hoton majinyaci kuwa, sai da izininsa a rubuce. Rufe fuska bai isa ba, tabo ko katin asibiti ma na iya fallasa shi.

Idan tambayoyi suka fara shigowa, ka amsa, amma kada ka rubuta wa kowa magani. Wanda ba ka duba ba, ba ka san ciwonsa ba. Ka sanar da lokutan da kake amsawa, sannan ka kafe alamun haɗari a saman shafi: jijjiga, numfashi da ƙyar, zubar jini ga mai ciki. Waɗannan asibiti ake nufa kai tsaye, ba a jiran amsa.

Jita-jita kuma za ta zo. Kada ka sake yaɗa ta da sunan ƙaryatawa. Fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar a taƙaice, ba tare da gwasale wanda ya turo ba.

Duk wata, ka auna aikinka, amma ba da yawan mabiya ba. Tambayi waɗanda suka zo awo ko rigakafi inda suka ji labari, ka rubuta.