Yadda za ka ƙwato lokacin tilawarka daga hannun waya

Akwai wata asuba da na dawo daga masallaci na zauna a kan darduma da niyyar karanta izu ɗaya, na ɗauko waya saboda Alƙur'anin nawa a cikinta yake, kafin in buɗe sai ga saƙo ya faɗo daga guruf ɗin ƴan ajinmu, na ce bari in duba wannan ɗaya kawai. Wallahi ban ankara ba sai da na ji yara na ta neman takalman makaranta, rana ta fito, ko aya ɗaya ban karanta ba. Abin ya tsaya min a rai sosai, don ba ranar aka fara ba, ranar ce dai na lura. Abubuwan da zan faɗa a nan su ne na bi har na dawo da karatuna, kuma ban jefar da wayar ba, da ita nake kasuwanci da ita nake gaida mahaifiyata kullum.

Abu na farko, je ka ga gaskiyar lamarin da idonka. Idan Android ce, irin su Tecno, Infinix ko Samsung, shiga saitin ka nemo Digital Wellbeing, idan iPhone ce ka nemo Screen Time, tun 2018 aka saka su a wayoyi amma mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Nan za ta nuna maka awa nawa ka yi jiya, da manhajar da ta fi cin lokacin, har da sau nawa ka buɗe wayar. Kar ka yi komai tukuna, ka duba na kwana bakwai kawai ka rubuta a takarda. Akwai hadisi a Bukhari daga Ibnu Abbas cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke asararsu, lafiya da samun lokaci, to ranar da na ga lissafin nawa na gane cewa "ba ni da lokaci" da nake ta faɗa ba gaskiya ba ne, lokacin yana nan, wani wuri yake tafiya.

Daga nan sai ka zaɓi lokuta biyu ka killace su. Ni na ɗauki bayan sallar Asuba da tsakanin Magariba da Isha'i, saboda su ne lokutan da muka taso muka ga iyayenmu ba sa wasa da su, a da idan aka yi Magariba unguwa gaba ɗaya sautin karatu kake ji daga soraye, allo da fitilar ƙwai, yanzu kuwa hasken waya ne a fuskar kowa. A waɗannan lokutan ka kashe data gaba ɗaya, ko ka sa wayar a yanayin jirgi. Mutane na cewa "ai zan iya kame kaina", ni dai na gwada ban iya ba, kuma ba laifinmu ba ne gaba ɗaya, da gangan aka ƙera waɗannan manhajojin yadda bidiyo ɗaya na ƙarewa wani zai hau ba tare da ka nema ba. Wanda ke tsoron kiran gaggawa ya yi amfani da Do Not Disturb, akwai wajen da za ka zaɓi lambobin da za su iya shigowa, ka saka na iyaye da na iyali ka rufe sauran.

Na uku shi ne wanda ya fi min amfani: ka sauke Alƙur'anin da ke aiki ba data. Tun da rana, lokacin da kake da netwok mai kyau, ka sauke shafukan da sautin ƙira'ar duka su zauna a cikin wayar, yadda ba za ka samu dalilin kunna data lokacin karatu ba, don da zarar ka kunna shikenan WhatsApp ya samu ƙofa. Ka kuma kula da ruwaya. Wanda ya yi makarantar allo galibi da Warshu ya tashi, ƴan Islamiyya kuma Hafsu, yawancin manhajoji da Hafsu suke buɗewa, sai ka ga mutum ya rikice yana zaton haddarsa ce ta lalace alhali ruwayar ce daban. Shehu Mahmud Khalil Alhusari ya yi ƙira'a da duka biyun, kuma a hankali yake karantawa, mai gyaran baki zai ji daɗin binsa. Amma fa sauraro ba ya maye gurbin zama gaban malami, waya ba za ta tsayar da kai ta ce maimaita wannan harafin ba.

Sai lissafi, kuma a nan ne da yawa muke faɗuwa saboda zumuɗi. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, juzu'i 30, izu 60, kenan kowane izu wajen shafi 10 ne. Idan ka karanta shafi 2 bayan kowace salla ka yi izu ɗaya a yini, cikin wata biyu ka sauke. Shafi 4 kuma sauka ce a wata ɗaya. Shawarata kar ka fara da 4, fara da abin da ko ranar da ka gaji liƙis daga kasuwa za ka iya, ko shafi ɗaya ne, Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Na sha ɗaukar juzu'i guda a yini in yi kwana huɗu in watsar, sai da na sauko ƙasa sannan abin ya zauna.

Manhajar kiran salla ma a gyara ta. Wayoyinmu na kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, shi ya sa wani lokacin sai ka ga kiran bai yi ba, shiga wajen batir ka cire mata takunkumin. Idan ta saɓa da ladanin unguwarku da ƴan mintuna, bi ladanin, jam'i ake nema. Kuma idan ta ce ka ba ta izinin shiga lambobinka ko hotunanka ka hana, inda kake kawai take buƙatar sani.

Guruf-guruf na wa'azi kuwa, a rage. Na san da wuya mutum ya fita daga guruf ɗin addini, sai ya ji kamar ya yi laifi, amma wa'azi 30 na minti ɗai-ɗai da ka wuce su da yatsa ba su kai darasi ɗaya da ka bi daga farko har ƙarshe ba. Zaɓi malami ɗaya da ka yarda da iliminsa da littafi ɗaya, ko Ahalari ne ko Arba'una Hadis, ka saurara da biro a hannu. Duk saƙon da aka ce "tura wa mutum goma" kar ka tura sai ka tabbatar da ingancinsa, ana jingina wa Annabi (SAW) maganganun da bai faɗa ba ta wannan hanyar.

Da daddare ka sa cajin wayar nesa da shimfiɗarka, inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe alam. Idan kana da mus'hafi na takarda ka ajiye shi a kan dardumar tun kafin ka kwanta, da alama a shafin da ka tsaya. Sannan ka samu mutum ɗaya, ƙaninka ko matarka ko abokin sahu, duk Juma'a ku faɗa wa juna inda kowa ya kai. Ni da ƙanwata muke yi, saƙon nata ba ya wuce layi ɗaya, "Yaya ina ka tsaya?", sai in tura mata sunan surar da lambar shafi, ita ma ta turo nata.