Yadda na gyara shaƙewar sautin jitar bas

Jitar bas ce mai tsirkiya 4, ta hannu na saya. Da na kaɗa tsirkiyar E, wato mafi kaurin cikinsu, da ƙarfi sai sautin ya karce, can kuma ya shaƙe. Na canja wayar da ke haɗa ta da amfilifaya (na'urar ƙara sauti), na gwada wata amfilifayar, ba ta canja zani ba.

Ashe jitar mai batir ce. Na kwance ƙaramin murfin bayanta da sukudireba, na ciro batirin mai bolt 9, na auna da mita: bai kai 7 ba. Na goge bakin maƙalarsa, na sa sabo, na mayar da murfin. Sauti ya fito tas, alhamdulillahi.

Irin wannan jitar tana shan batir muddin waya na soke a jikinta, ko ba a kaɗawa. Yanzu ina gamawa nake zare ta.