Kurakuran da muke yi a gyaran mota, da kuma idan gida ya koma mota ɗaya

Har zuwa ranar 29 ga Mayun 2023 motoci biyu ne a ƙofar gidanmu a Kubwa da ke Abuja, tawa Honda Accord irin wadda ake ce wa EOD, ta maman yara kuma Corolla ƙirar 2005. Ranar ce Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617 a Abuja, zuwa ƙarshen 2024 kuwa ta wuce dubu. Amma gaskiya ba man ne ya fi karya mu ba, shi mai kana gani kana biya, gyara ne ya dinga tsotse mu a hankali, saboda a watan Yunin 2023 ɗin aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta tafi har ta wuce 1,500, kuma kusan duk ƙarfen da ke jikin motocin nan daga waje yake zuwa. Daga baya mun sayar da ɗaya, kuma abubuwan da suka ci mana kuɗi a hanya su nake gani maƙwabta da abokan aiki suna maimaitawa yanzu.

Kuskuren farko shi ne rashin rubutawa. Kuɗin gyara ba ya zuwa a dunƙule, yau filogi, jibi mai faci, wani satin rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ce kiki ne, kowanne ka ga ai ɗan kaɗan ne sai ka tura ka manta. Maman yara ce ta ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaban kowace mota, ranar da aka yi aiki, kilomita nawa motar ta nuna, me aka canja, nawa aka biya, kuma a wurin wa. Wata shida kacal littafin ya nuna mana abun da baki bai taɓa faɗa ba, har da ƙarfe ɗaya da na saya sau biyu a cikin wata huɗu ban ankara ba.

Sai kuma gyaran lalube. Mota tana jijjiga, bakanike ya kasa kunne ya ce "Oga koyil ne", a canja, ba ta daina ba, ya ce to nozul ne, a canja, daga nan a koma famfon mai, kai kuma kana ta biya kamar mai zuba ruwa a rariya. Wutar gargaɗin inji ta kunnu a dashbod kuma a ce maka ba komai haka motocin Beljiyam suke, wani ma ya cire ƙwan gaba ɗaya. Dan Allah kar ka yarda. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona kwamfuta a ƙasan sitiyari, a kasuwannin kayan mota na Apo da Gudu masu na'urar sikanin suna nan birjik, ka sa a jona, ka ɗauki hoton lambar da ta fito da wayarka kafin a goge ta. Sai dai ka sani lambar unguwar da ciwon yake take nunawa ba ƙofar gidan ba, tana iya cewa sensa alhali waya ce ɓera ya ci, don haka in aikin mai tsada ne ka ji ta bakin mutum na biyu kafin ka sa a kwance komai.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na zafin inji. Wani bakanike ya cire min tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce wai wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Maganar ta shige ni, kuma na san dubban motoci a garin nan haka suke yawo. Shi tamostat aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe. In babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi sai ta ci gaba da ƙara mai, kaga kenan kai da kanka ka ƙara wa motarka shan mai a lokacin da lita ta zama abun da ta zama. Mafi muni kuma, abun da ya sa ta fara zafin tun asali, ko lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ne ya gaji, yana nan ba a taɓa shi ba. Ni nawa ya bayyana ne wata ranar Alhamis da yamma a cikin gosulo kafin a kai mahaɗar Dutse, allura ta hau ja, yara biyu a baya, na ce bari in lallaɓa tunda saura kaɗan mu isa gida. Wannan lallaɓawar ce ta ƙona gasket, washegari da aka zaro sandar auna baƙin mai sai ga shi ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, aka sauke kan inji aka kai wurin masu gogewa, sati biyu motar tana gareji. In allura ta hau ka gangara gefe ka kashe nan take ko da ƙofar gidanka kake hangowa, kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa domin ruwan yana tsartuwa ya ƙona fuska, kuma ka daina zuba ruwan famfo ko na leda, tsatsa yake tarawa a ciki, ka sayi kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji.

Baƙin mai ma haka. Kowa 20W-50 yake zubawa saboda shi aka saba tun zamanin Fijo, alhali littafin Corolla irin tamu 5W-30 ya ce, yawanci ma an rubuta a jikin murfin da ake zuba man. Man giya ya fi haɗari, Honda tana da nata, Toyota na shekarun nan T-IV take sha, wanda ya zuba maka duk jan man da ya samu a shago to giyar ce za ta biya, kuma giyar otomatik in ta tafi kuɗinta ya isa ya sa a ajiye mota. Ka sayi man da kanka a wurin da ka yarda da shi saboda jabu ya yi yawa, ka tsaya a fasa murfin a gabanka, a canja filta tare. Sannan yawo a rizab, na san halin da ake ciki, amma famfon mai a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi.

Maganar sayen kaya kuwa, yawancinmu kuɗi muke turawa mu ce je ka sayo. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun farko, in da hali ku je Apo ko Gudu ko Zuba tare, ka tambayi mai shago kwana nawa ya ba ka in kayan bai yi ba ka dawo da shi, a rubuta a rasit, sannan tsohon ƙarfen da aka cire a saka maka a but. Akwai abun da Beljiyam ɗinsa ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, kamar kiki, altaneta, ƙofa, madubi, har inji sukutum. Akwai kuma wanda rai ke rataye a kai, birki, boljoyin, bel, taya, waɗannan sabo mai kyau ko a haƙura da tafiyar. Masu Honda sun san yadda ƙafar gaba ke ɓallewa a tsakiyar titi in boljoyin ya gaji. Taya kuma ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kuma 'yan Rod Sefti shekara huɗu suke lissafa wa taya komai kyan zanenta. In motar za ta kwana a gareji ka san halin da indomin salansarka, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, yake kafin ka tafi, ana sace shi saboda yana da kuɗi. Amma fa mu ma mu ji tsoron Allah, mutum ya wuni a ƙarƙashin mota cikin rana ka zo kana masa tayin wulaƙanci, to kai ka koya masa ya nemi haƙƙinsa a cikin kuɗin kaya. In ka samu mai amana ka biya shi da kyau ka riƙe shi.

Toh, lokacin da littafin nan ya nuna mana ƙarara cewa albashinmu ba zai ɗauki jinyar mota biyu ba, sai na faɗa kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato "ai na riga na kashe mata kuɗi da yawa". Kuɗin da ya tafi ya tafi, abun tambaya shi ne nawa za ta sake ci nan da shekara ɗaya. Na kuma ce bari a ajiye Hondar a lulluɓe har abubuwa su daidaita, wata biyar tana tsaye, batir ya mutu, tayoyi suka sace, ɓeraye suka yi gida a injin, takardu suka ƙare, inshorar da a da take 5,000 ta riga ta koma 15,000 tun Janairun 2023, kuma duk dillalin da ya zo ya ga motar da ba ta tashi sai ya yi tayin da ya ga dama. In za ka sayar ka sayar tana tafiya da ƙafarta. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin sunan mai mota, kar motar ta ci gaba da yawo da sunanka ba ka san hannun da take ba.

Wacce za a bari? Nan zuciya ke shigowa, maigida yana son babbar saboda idon mutane. Ka bar wadda kayanta ke ko'ina, kowane bakanike ya san ta, ba ta shan mai, kuma ta ɗauki iyalinka. Mu Corolla muka bari. Kuɗin wadda aka sayar kuma kar a cinye shi duka a hidimar gida, a fara gyara wadda ta rage tsaf, taya, birki, lagireto, shokis, sannan a ware wani abu a asusu daban da sunanta ana ƙarawa duk wata, saboda yanzu in ta kwanta gidan ne gaba ɗaya ya tsaya.

Abun da ban yi tsammani ba shi ne gyaran da ya fi wuya a cikin gida yake. Satin farko na ɗauki makulli kullum da safe kamar yadda na saba, ita kuma ta dinga fita da yara bakin titi. Ranar Juma'a da dare ta ce min, "Baban yara, motar nan ta gida ce ko ta ofis ɗinka? Kai kana zuwa ka faka ta tun takwas har biyar tana shan rana, ni ina tsaye da yara biyu da jakunkuna ina tare mota." Gaskiya ta faɗa. Abuja ba garin da za ka ce mace ta hau duk abun da ta samu ba ne, an hana acaɓa a cikin gari tun 2006, keke ba ya shiga tsakiyar birni, ga 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da kowa ya san ta'asarsu. Don haka mota ta bi wanda ke ɗauke da yara, ko wanda zai dawo da dare, ko wanda hanyarsa ta fi wuyar samun abun hawa, ba wanda sunansa ke kan takarda ba. Yanzu daren Lahadi muke zama mu tsara satin, ranar asibiti, ranar kasuwa, ranar da nake da fita aiki wajen gari. Sauran ranakun ni da maƙwabta biyu da ke aiki a Sakatariya muke haɗa kuɗin mai mu tafi a mota ɗaya, wani lokacin in bi alon, wato motar haya ta haɗaka, daga tashar da na sani ba a tsakiyar hanya ba, jirgin ƙasan cikin gari da aka dawo da shi a watan Mayun 2024 ma yana bi ta Kubwa zuwa Idu ga wanda lokacinsa ya dace. Kuɗin Bolt kuma, tasin da ake kira ta waya, a sa shi cikin lissafin wata tun farko, in ba haka ba za ka wayi gari abun da ka tsira da shi a gareji ya tafi a waya.

Kar kuma a manta motar da ta rage aikin biyu take yi yanzu, kai yara, kasuwa, ofis, zuwa gida Kaduna ko Kano ƙarshen wata, wanda ya ci gaba da cewa duk wata uku nake juye zai wuce ƙa'ida bai sani ba, da kilomita ake lissafi. Mu safiyar Asabar muke kai ta sabis don kar ta kwana a gareji ranar makaranta, ita ma maman yara ta san bakaniken kuma tana da lambarsa, ta iya duba ruwa da baƙin mai da iskar safaya, sannan akwai maƙwabcin da muka yi magana da shi tun da rana tsaka cewa in larura ta taso cikin dare motarmu ba ta nan za mu ƙwanƙwasa masa, shi ma in tasa ta taso ya ƙwanƙwasa mana.