Yadda Za Ka Shirya wa Tambayoyin Intabiyun Neman Aiki

An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure da gaban surukai, amma a ɗakin intabiyu tana kayar da mutane da yawa da suka fi wanda aka ɗauka sanin aikin. Mutum ya fito daga harabar Samaru ko ta Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da sakamako mai kyau, a tambaye shi me ya iya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, alhamdulillahi, muna dai taɓawa." Kwamitin na riƙe da takardar ba da maki, kuma babu abin da za su rubuta da wannan amsar. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Faɗin abin da ka yi, da hujja, ba tare da cika baki ba, abu ne da ake shiryawa tun daga gida.

Fara da tallan aikin

Ɗauko sanarwar da ka gani ka nemi aikin, ka ja layi ƙarƙashin kowane abin da suka ce suna buƙata. Yawancin tambayoyin daga nan za su fito. Sannan ka san wurin da kansa. Idan a Jami'ar Ahmadu Bello ne, abin kunya ne mutumin Zariya ya kasa cewa an kafa ta a 1962, ko ya kasa bambanta aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika. Idan makarantar kuɗi ce a Tudun Wada ko kamfani a Kaduna, ka san me suke yi, su waye abokan hulɗarsu, kuma mene ne aikin sashen da kake nema. Awa ɗaya a intanet da hira da wani da ya taɓa aiki a wurin sun isa.

"Ba mu labarin kanka"

Kusan kullum da ita ake buɗewa, kuma a nan aka fi ɓata lokaci. Ba tarihin haihuwa ake nema ba. Wanda ya fara da unguwarsu da firamaren da ya yi, kafin ya iso jami'a an daina saurarensa. Tsara amsar kashi uku: abin da ka karanta da inda kake yanzu, aiki ɗaya ko biyu da ka yi masu alaƙa da wannan gurbi, sai dalilin da ya kawo ka nan. Duka kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Rubuta shi, ka karanta da ƙarfi kana duba agogo, ka rage har ya shiga lokacin. Amma kada ka haddace shi kamar karatun allo. Mai hadda idan aka katse shi da tambaya a tsakiya, sai ya rasa inda ya tsaya, wani ma sai ya koma farko. Riƙe kan maganar guda uku kawai, kalmomin su zo da kansu.

Tanadi labarai biyar

Nan ne asalin aikin. Tambayoyi irin su "faɗa mana lokacin da ka fuskanci matsala", "ka taɓa saɓawa da shugabanka?", "yaya kake aiki da mutane?" suna da yawa, amma labarai biyar na abin da ya faru da kai da gaske suna iya amsa kusan dukkansu: matsalar da ka warware, kuskuren da ka yi ka gyara, saɓanin da ka sasanta, aikin da ka jagoranta, da abin da ka koya cikin gaggawa. Kowane labari ya ƙunshi halin da ake ciki a jimla biyu, abin da kai ka yi, da abin da ya haifar.

A kula da kalmar "mun". Bahaushe ya saba cewa "mun yi" ko da shi kaɗai ya yi, don kawaici. Kwamiti kuwa mutum ɗaya zai ɗauka, don haka yana son jin "na". Kwatanta waɗannan biyu. "Lokacin bautar ƙasa mun koyar da lissafi, mun yi ƙoƙari." Da kuma: "Na koyar da lissafi a aji biyu na babbar sakandare. Na tarar yawancin ɗaliban ba sa gane kasafi, sai na ware minti goma a farkon kowane darasi don shi, na riƙa ba su gwaji duk Juma'a. A ƙarshen zango waɗanda suka ci jarrabawa sun ƙaru daga kaza zuwa kaza." A wurin "kaza" ka sa adadinka na gaskiya. Idan ba ka tuna ba, kada ka ƙirƙira, domin tambaya ta biyu ce ke tona asirin maƙaryaci.

Wanda bai taɓa aikin ofis ba shi ma yana da labarai. Tsare shagon yayanka a kasuwar Sabon Gari, riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai, koyarwa a Islamiyya, aikin sanin makama na lokacin karatu, tattara bayanan furojet a ƙauye, duk aiki ne da ke nuna amana da iya mu'amala.

Tambayoyin da ke da tarko

"Mene ne rauninka?" Amsar "ba ni da rauni" da ta "ina cika son aiki" duk an gaji da jin su. Kawo rauni na gaske wanda ba shi ne zuciyar aikin ba, ka faɗi matakin da kake ɗauka a kansa. Mai neman aikin akanta ba zai ce lissafi na ba shi wahala ba, amma zai iya cewa magana a gaban taro na yi masa nauyi, shi ya sa yake karɓar gabatar da rahoto duk lokacin da dama ta samu.

"Me ya sa ka bar inda kake?" Baki shi ke yanka wuya. Ko an zalunce ka, kada ka zagi tsohon maigidanka. Zariya ƙaramin gari ne a wannan fanni, mai yiwuwa wani a kwamitin sahu ɗaya suke sallah da shi. Ka yi maganar abin da kake nema a gaba.

Giɓin shekaru a takardunka kuma ka amsa shi kai tsaye. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, kowa ya sani. Idan zaman gida ne bayan bautar ƙasa, ka faɗi abin da ka yi a ciki, ko noma ne, ko koyon kwamfuta, ko jinyar mahaifi.

Idan aka yi tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da yadda za ka gano. Kame-kame ya fi rashin sani zubar da maki.

Batun albashi

A aikin gwamnati ba a ciniki, akwai tsarin mataki, kuma mai digiri na farko yakan fara ne daga mataki na 8. A wurare masu zaman kansu ne ake tambayar nawa kake so. Bincika abin da ake biyan irin wannan aiki, ka ba da tsakanin kaza da kaza, bayan ka lissafa kuɗin mota, musamman idan daga cikin Birni za ka riƙa zuwa Samaru ko Shika kullum. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Tambayi ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne, domin kashi 8 cikin 100 ake cirewa daga ɓangaren ma'aikaci na fansho kaɗai.

Gwaji da baki

Yawanci da Turanci za a yi, kuma amsar da ke zaune lafiya a zuciya takan watse a kan harshe. Sa wani ya zauna a matsayin kwamiti ya yi maka tambayoyi goma, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Yi haka sau uku a ranaku daban-daban. Za ka ji yawan "am, am" da saurin da kake yi. Turanci mai sauƙi a hankali ya fi dogon Turanci mai tuntuɓe. Mai neman koyarwa ya shirya darasin minti goma, don ana iya miƙa masa alli nan take.

Ranar kanta

Takardu na asali a fayil ɗaya, kwafi kamar saiti uku a wani: digiri ko difloma, shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, shaidar ƙaramar hukuma, ta haihuwa, lambar NIN, hotunan fasfo, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ga malamai. Idan sunanka Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ranar haihuwa ta saɓa, yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin ranar.

Kaduna kimanin kilomita 80 ce daga Zariya, amma motar haya a Kwangila ba ta tashi sai ta cika, don haka intabiyun ƙarfe tara na buƙatar fita bayan asuba. Na Abuja a kwana can. Isa da rabin awa a hannu. Idan ta Zoom ce, cika waya da caji, sayi data isasshiya, gwada murya tun ana gobe intabiyun.

Da ka shiga ka yi sallama ko gaisuwa, ka ɗan rusuna, ba sai ka tsuguna ba, ka jira a ce ka zauna. Kalli wanda ya yi tambayar yayin da kake amsawa. Ke kuma da ba kya musabaha da maza, ɗora hannu a ƙirji ki gaisa da fara'a, ya wadatar. Duk wanda ya ce a turo kuɗi kafin a kira intabiyu ɗan damfara ne.

A ƙarshe za su ce ko kana da tambaya. Riƙe biyu a aljihu: wane aiki ne wanda aka ɗauka zai fara da shi a watanni ukun farko, kuma yaushe za a ji sakamako. Bayan ka fito, lambar da ka rubuta a takardar neman aikin ta kasance a kunne, ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba, ka kuma duba imel ɗinka safe da yamma.